Turarukan da na gwada ina neman ƙamshin sabulun Irish Spring

Duk wanda ya taɓa wanka da koren sabulun nan na Irish Spring ya san ƙamshin da nake nufi. Wani ƙamshi ne mai sanyi, kamar na ɗanyar ciyawa da aka yanka da asuba, da ɗan yaji-yaji a ƙasansa. Kamfanin Colgate-Palmolive ne ke yin sa, ya fara fitowa a Jamus a 1970, ya shiga Amurka a 1972, kuma har yau da an buɗe kwalinsa ɗaki ke ɗauka. Sai dai sabulu sabulu ne. Ka fito daga wanka kana tashin ƙamshi, kafin ka gama sa kaya rabi ya tafi. Abin da na daɗe ina nema shi ne turaren da zai riƙe mini wannan ƙamshin har yamma. Na shafe kusan shekara ina gwaji, wasu na sayi kwalba, wasu ɗan samfuri kawai na samu.

Da Green Irish Tweed na kamfanin Creed na fara, kamar yadda kusan kowa ke yi, domin sunan kaɗai ya isa ya ja mutum. Turaren ya fito a 1985, kuma gaskiya ya cancanci sunan da ya yi. Yana buɗewa da tsami mai laushi irin na lemo, sai ganyen furen bayolet ya biyo baya, a ƙarshe ya kwanta a kan sandal. Kore ne, babu musu. Amma koren fili ne bayan an ɗauke ruwan sama, ba koren sabulu ba. Babu kumfa a cikinsa. Na ji daɗinsa ƙwarai, ina kuma sa shi idan zan shiga taro, sai dai ba shi na fito nema ba. Haka ɗan'uwansa Cool Water na Davidoff, wanda Pierre Bourdon ya haɗa a 1988: tsafta da na'a-na'a da sanyin ruwa, amma ya fi karkata ga shuɗin teku.

A nan ne na tsaya na tambayi kaina, wai me ke sa hanci ya ce wannan ƙamshin na sabulu ne? Da na bi diddigi sai na tarar akwai wani gida na turaruka da Faransawa ke kira fujer. Asalinsa turaren Fougère Royale ne, wanda Paul Parquet ya haɗa wa kamfanin Houbigant a 1882. Ginshiƙansa uku ne: furen labanda, da sinadarin kumarin mai ƙamshin busasshiyar ciyawa, da wata gansakuka da ke fitowa a jikin bishiyar ok. Wannan haɗin ne aka yi ta zubawa a sabulun aski da na wanka shekara da shekaru, har hancin mutane ya haddace shi a matsayin ƙamshin tsafta. Daga baya aka ƙara wani sinadari mai suna dihaidromirsinol, mai kaifi da sanyi kamar lemun tsami da ƙarfe, wanda ke cikin sabulai da omo da yawa. Tun da na gane haka na daina bin sunan kwalba, na koma bin tsofaffin turarukan wannan gidan.

Sai ga Sung Homme. Alfred Sung mai zanen tufafi ne a Kanada, turaren kuma na ƙarshen shekarun 1980 ne. Ruwan cikin kwalbar shunayya ne, ko alamar kore babu, shi ya sa ban sa rai ba. Feshin farko a bayan hannuna na tsaya cak. Sak sabulun ne, kamar an tsaga takardarsa yanzun nan: ganyayyaki masu ɗaci-ɗaci, barkono kaɗan, da wannan santsin kumfa da na rasa a sauran. A duk abin da na gwada babu wanda ya kai shi kama. Amma yana da ƙarfi, ƙarfi na gaske. Ranar farko feshi huɗu na yi, ya hau mini kai har na ji nauyinsa a goshi. Laifina ne, na ɗauke shi kamar turarukan zamani masu sauƙi. Feshi ɗaya a ƙirji a ƙarƙashin riga ya wadatar, kuma a jikina yana kaiwa daga safe har la'asar. Minti goma sha biyar na farko ne masu kaifi. In ka yi haƙuri suka wuce, sai ya lafa ya zama abin da ake nema.

Duk da haka ba shi na fi ɗauka ba, kuma dalilin ne ya fi ba ni mamaki. Ashe ƙamshin sabulu a hannu daban, ƙamshinsa a jikin mutum bayan wanka daban. Na farko kaifi ne zalla. Na biyu ya gauraya da ɗumin fata da tururin ruwa, ya yi taushi. Sung Homme sabulun ne a kwalinsa. Paco Rabanne Pour Homme, wanda Jean Martel ya haɗa a 1973, shi ne mutumin da ya yi wanka ya fito. Kwalbarsa kore ce. Yana farawa da ganyen rosmeri da labanda, sai gansakukar ta taso, a can ƙasa kuma akwai ɗan zaƙi kamar na zuma wanda ke tausasa ɗacin. Bayan awa ɗaya da feshi, idan na sunkuyar da kai na shaƙi wuyan rigata, abin da nake ji shi ne tsafta mai ɗumi. Wata rana ƙanwata ta tambaye ni ko na canja sabulu ne, ba ta ma kawo turare a ranta ba. Wannan tambayar ta fi mini kowane yabo.

Masu tsofaffin kwalabe suna cewa na da ya fi na yanzu kauri. Akwai dalili: ƙungiyar IFRA mai sa ido kan sinadaran turare ta taƙaita yawan gansakukar da ake zubawa, saboda tana sa wa wasu ƙaiƙayi a fata. Ni dai na yanzu nake amfani da shi, kuma ya gamsar da ni.

Biyu suka rage. Mugler Cologne na Alberto Morillas, na 2001, sabulu ne tsantsa, amma fari mai lemo da almiski, mara yaji. A ranar zafi yana da daɗi matuƙa, kuma da yake marar nauyi ne nakan sake fesawa da rana. Grey Flannel na Geoffrey Beene kuwa, na 1975, korensa ya yi duhu da ɗaci, kamar an murje ɗanyen ganye a tafin hannu. Yana da masoyansa, amma hanyarsa daban ce da ta sabulun.

Wani abu da na lura: waɗannan turarukan sun fi kama jiki idan fata na da ɗan danshi. Nakan yi wanka da sabulun, in goge jiki sama-sama, in shafa mai marar ƙamshi, sannan in fesa. A haka ba ka gane inda sabulun ya tsaya da inda turaren ya karɓa. Yanzu Paco Rabanne ne na kullum, Sung Homme kuma na ajiye shi don safiyar sanyi, lokacin da iska ke rage masa kaifi, feshi ɗaya tak.