Sutton Hoo: abin da mai ziyara zai tarar, da abin da sai ya je Landan

Duk wanda zai biya kuɗin shiga Sutton Hoo, tsohuwar makabartar Anglo-Sakson (mutanen da suka zauna a Ingila a zamanin da) inda aka binne wani babban mutum cikin jirgin ruwa tare da dukiyarsa, ya kamata ya san tun daga gida cewa dukiyar da ta yi wa wurin suna ba ta nan. Kwalkwali mai fuskar mutum, da kan ɗamara na zinariya mai nauyin fiye da giram 400, da tsabar zinariya 37 da aka samu cikin jaka, duk suna Landan, a ɗaki na 41 na Gidan Tarihin Birtaniya, inda ake shiga kyauta, domin mai filin, Edith Pretty, ta mallaka wa ƙasa su a 1939, shekarar da aka tono su. Abin da ya rage a wurin, a yankin Suffolk na Ingila, kusa da garin Woodbridge, shi ne makabartar kanta, wadda ƙungiyar National Trust mai adana wuraren tarihi ke kula da ita, da zauren da ake nuna kwaikwayon kayan, da gidan da matar ta zauna.

Da shiga farfajiya mutum zai ci karo da ƙwarangwal ɗin jirgin ruwa na ƙarfe mai tsawon mita 27, daidai da na ainihi, kuma a ganina babu abin da masu kula da wurin suka yi da ya kai wannan hikima. Jirgin asali ya riga ya ruɓe, domin ƙasar wurin rairayi ce mai cin katako da ƙashi, shi ya sa Basil Brown, wanda ya yi tonon, bai tarar da komai na jirgin ba sai shacinsa a cikin yashi da layukan ƙusoshin ƙarfe, kowanne zaune a inda maƙeri ya buga shi. Ko gawar ma ba a samu ba. Sai mutum ya tsaya a gindin wannan ƙarfe ya ɗaga kai sannan zai gane irin ƙarfin da aka tara wajen jawo jirgi haka daga Kogin Deben zuwa kan tudu don a binne mutum ɗaya.

Tuddan kaburburan kansu ba su da wani kwarjini, domin garma da ɓarayin kabari sun daɗe da rage musu tsayi, in ban da na biyu da aka sake ɗagawa. Wanda ya tsaya a ƙasa zai ga ciyawa ce kawai mai ɗan tudu da kwari. Hasumiyar kallo mai mita 17 ita ce ta magance wannan, don daga samanta ake ganin tsarin makabartar da kogin a kwance ƙasa, har mutum ya fahimci cewa an zaɓi wurin ne domin masu wucewa ta ruwa su hango shi.

Bayanin da ke zauren ya yi taka tsantsan, bai yanke hukunci kan wanda aka binne ba. Mafi yawan masana sun karkata ga Raedwald, sarkin Gabashin Angiliya, wata tsohuwar masarauta a Ingila, da ya rasu wajen shekarar 625, wanda malamin coci Bede ya ce ya ajiye bagadi biyu a ɗakin bauta ɗaya, na Almasihu da na allolin kakanninsa. Kayan kabarin sun yi daidai da mutum mai bin addini biyu irin wannan: an binne shi cikin jirgi bisa tsohuwar al'ada, amma a gefensa akwai cokulan azurfa da ake dangantawa da Kiristanci, da babban farantin azurfa mai hatimin Anastasiyus, sarkin Rum ta Gabas. Wanda ya ɗauka cewa Anglo-Sakson mutanen duhun kai ne da suka zauna a tsibiri ba su san duniya ba, wannan faranti kaɗai ya isa ya sa ya sake tunani.

Shawarata ita ce a fara da ɗakin na Landan, a ƙare wa kayan asali kallo, sannan a hau jirgin ƙasa zuwa tashar Melton, wadda ta fi kusa, a ƙarasa da ƙafa. Filin a buɗe yake ga iska, don haka a tafi da rigar sanyi, kuma a duba ranakun buɗewa kafin a tashi, musamman a lokacin hunturu.