Irin Wake Sampea 20-T a Gonakin Abuja: Me Yake Yi, Me Ya Gagare Shi

Sampea 20-T aiki ɗaya aka haife shi ya yi, kuma yana yin sa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ce ta samar da shi daga Sampea 10, aka saka masa ƙwayar halitta mai suna Cry1Ab daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa. Tsutsar Maruka, wadda ke huda fure da kwanso har ta cinye kashi 80 cikin 100 a mummunar shekara, da ta ci ganyensa ko furensa sai cikinta ya lalace ta mutu. An amince da shi a 2019.

Inda manoman Kuje da Kwali ke yin asara shi ne jin an ce "ba ya son feshi". Yana so. Darɓa, da ƙananan ƙwarin da ke kaɗe fure, da masu tsotse kwanso, duk sinadarin da ke kashe Maruka a jikin waken ba ya taɓa su. An dai rage feshin ne daga sau 6 zuwa 8 ya koma 2: na farko da ya fara ɗaure fure, na biyu idan kwanso ya fito. Wanda ya tsallake na biyun zai sussuke wake a motse, ya ɗora wa iri laifi.

Yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75, don haka a yankin Abuja, inda ruwa ke kaiwa Oktoba, shukar Yuli ganganci ce, kwanson zai ruɓe a gona. A jira Agusta. Kunya santimita 75, rami zuwa rami 20, ƙwaya biyu, kimanin kilo 25 a hekta. Takin sufa yake so. Yawan yuriya ganye kawai zai ba ka. Yana jure wuta-wuta, gadon da ya samu daga Sampea 10.

Aibinsa biyu. Ƙwayarsa fara ce matsakaiciya, ba ta kai ta Kanannado girma ba, 'yan kasuwa kuma manya suke so. Harawarsa ma ba ta kai ta wake mai yaɗo ba, mai kiwo ya san da haka.

Ido ba ya bambanta shi da sauran farin wake, saboda haka kada a saye shi a mudu. A nemi buhu a rufe mai tambarin Hukumar Iri ta Ƙasa. A rumbu kuma ƙwaro na cin sa kamar kowane wake. A busar da shi sosai, a zuba a buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace daban.