Cibiyar share fagen JAMB da na kai ƙanena

Sau biyu ƙanena yana zana jarrabawar JAMB ba tare da samun makin shiga jami'a ba, kuma kullum amsarsa ita ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Bana na biya masa kuɗin wata uku a wata cibiyar horarwa da ke unguwarmu a Kano.

Malaman ba su yi jayayya da shi kan ƙaddara ba, domin su ma sun yi imani da ita. Kowace Asabar sukan zaunar da shi gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, kamar a ainihin jarrabawar, har suka nuna masa cewa Turanci, mai tambayoyi 60, shi ke cinye masa lokaci. Da ya ga dalilin gazawarsa a rubuce, sai ya daina ɗora wa rabo alhakin kowane kuskure, kuma wannan ya fi komai burge ni.

Aibin wurin shi ne ƙarancin kwamfutoci, janareta kuma yakan mutu ana tsakiyar gwaji. Kuɗin ma ya fi ƙarfin ɗan talaka, wanda bai zaɓi gidan da aka haife shi ba.