Jagorantar tutoriyal ko kwas ɗin satifiket? Karɓi tutoriyal ɗin

Wa alaikumus salam ƙanina. Tsakanin tutoriyal ɗin 'yan aji ɗaya da aka ce ka jagoranta, da wannan kwas na "shugabanci" da za ka biya don ka samu abin sawa a CV, duka biyun na ɗanɗana, kuma ɗaya ne kawai ya yi min rana.

Ina aji uku a ABU Zariya, 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi (MSSN) na tsangayarmu suka roƙe ni in riƙa yi wa sababbin ɗalibai bitar lissafi duk Asabar bayan la'asar. Ranar farko mutum 7 suka zo, biyu suka zame tun ban gama ba. Da na zauna na yi nazari sai na ga laifina ne: abin da lakcara ya faɗa musu shi nake sake zuba musu. Sai na sauya salo. Na raba su uku-uku, na miƙa wa kowane rukuni tambaya ɗaya daga tsoffin jarrabawoyi, na ce wanda ya fi yin shiru shi zai fito allo. Akwai wani yaro da ya faɗi kwas ɗin a shekarar baya. Ranar da na ba shi maka, wato alƙalamin rubutu a allo, hannunsa na rawa, muryarsa ko layi na biyu ba ta kai. Kafin ƙarshen zango shi ke yi wa wasu gyara. Wallahi har yau in na tuna shi sai in ji daɗi.

Daga baya na san cewa wannan salo ya daɗe. A Jami'ar Missouri da ke Kansas City a Amurka aka fara shi a 1973, kuma jami'o'in Ingila irin su Manchester har horo suke ba ɗaliban da ke jagoranta. Ƙa'idarsu ita ce jagora ba ya koyarwa, ɗalibai yake sawa su yi magana.

Abin da ban lura ina koya ba shi ne ɗawainiyar da ke gefe: rubuta takardar neman aji, tara kuɗin maka, sasanta mazauna hostel da masu zuwa daga cikin gari a kan lokaci. Bayan hidimar ƙasa na je intabiyu, mutum uku a gabana. Ɗaya ya ce in ba su labarin ranar da mutanen da nake jagoranta suka saɓa da juna. Rikicin nan na mazauna hostel da 'yan cikin gari a kan lokaci na kawo musu, suka yi ta jefo tambayoyi ina amsawa ba tare da inda-inda ba, don abin da na yi da hannuna ne. Na samu aikin.

Satifiket ɗin kuwa, naira 15,000 na biya, Asabar biyu a wani ɗakin taro, aka yi hoto aka watse. Yana cikin fayil ɗina a ranar, ko ɗaga shi ba su yi ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu bin ɗalibai da fom suna cewa takardarsu "ta ƙasa da ƙasa" ce, ko kuma suna da gurbin aiki ga duk wanda ya biya. Takardar da ba a zana mata jarrabawa, ka riƙe kuɗinka. Irin su ICAN ga 'yan akanta ko ta Cisco ga 'yan kwamfuta, waɗannan zancensu daban, sai ka yi gumi kafin ka samu.

Sai dai kada tutoriyal ta cinye maka naka karatun. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa sakamakon 2:1 (digiri mai babbar daraja ta biyu) suke fara dubawa kafin ma su kira ka, don haka awa biyu a mako ta isa. Ka ajiye takardar sunayen masu halarta tun makon farko, kuma kafin ka bar makaranta ka roƙi lakcaran kwas ɗin ya rubuta maka wasiƙar shaida da sa hannunsa.