UTide da aikin tace bayanan ma'aunin ruwan teku: abin da na gani

Ɗanyen bayanan da ake saukewa daga shafin tashoshin auna tsayin ruwan teku na IOC (hukumar nazarin teku ta UNESCO), wanda cibiyar VLIZ ta Beljiyam ke kula da shi, suna zuwa ne yadda na'ura ta aiko su, babu wanda ya tace. Shafin ma bai ɓoye hakan ba. Shi ya sa na jarraba manhajar UTide, wadda Daniel Codiga ya fitar a 2011, na yi aiki da sigarta da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python, kuma kyauta ce.

Aikinta a taƙaice: ka ba ta lokaci, tsayin ruwa da latitud ɗin tasha, sai ta warware hawa da saukar teku zuwa sassansa, irin su M2, sashen da jan wata na sama ke haifarwa, mai dawowa duk awa 12 da minti 25. Daga nan ta lissafa yadda ruwan ya kamata ya kasance. Ka cire lissafin daga abin da aka auna, ragowar ita ce wurin kallo.

A ragowar nan ne asirin na'ura ke tonuwa. A bayanan wata tasha, na ga layi yana tafiya lafiya lau, kwatsam ya yi tsalle kusan mita guda ya dawo cikin minti ɗaya. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi burge ni shi ne kuskuren agogo: a ɗanyen zane ba ka ganin komai, amma a ragowar sai ga wata 'yar igiya tana hawa tana sauka sau biyu a rana, kamar bugun zuciya. Agogon na'urar ne ya kauce da 'yan mintuna. Ido kaɗai ba zai kama wannan ba.

UTide tana kuma karɓar bayanai masu giɓi, abin da ya sauƙaƙa mini aiki ƙwarai, domin da wuya ka sami tashar da ba ta taɓa ɗaukewa ba.

Amma fa ba ta yanke hukunci, kuma nan ne nake jin tsoron masu gaggawa. Tumbatsar da guguwa ta kawo ita ma a ragowar take fitowa. Wanda ya share ta da sunan kuskure ya zubar da abin da mutanen bakin teku suka fi buƙatar sani. Sai an duba tashar da ke kusa da kuma matsin iska, tunda saukarsa da hektofaskal 1 (ma'aunin matsin iska) kan ɗaga ruwa kusan santimita 1. Gajerun bayanai ma ba sa isa: raba S2 da K2, wasu sassa biyu masu kusan tsawon lokaci ɗaya, na buƙatar bayanan kusan wata 6.

Mai neman sanin yadda teku ke ƙaruwa cikin shekaru masu yawa kuwa, ya nufi PSMSL, cibiyar adana bayanan tsayin teku da ke Libaful, wadda ke tara bayanai tun 1933, ya ɗauki rukunin RLR, inda aka riga aka daidaita ma'aunin kowace tasha da alamarta ta kan tudu.