Wane dongul ɗin WiFi za ka saya in kana kan Linux? Duba cip ɗin, kar kwali ya ruɗe ka

Da daddare na yi afdet, da safe na kunna laftof ko alamar WiFi babu, kuma dongul ɗin, wato 'yar na'urar WiFi da ake sokawa a ramin USB, yana nan a soke lafiya lau. Wani mai arha ne mara suna da na saya, direbansa (manhajar da ke sa na'ura aiki) ba ya cikin kanel, wato zuciyar Linux, da hannu na ɗora shi ta DKMS, tsarin da ke sake haɗa direba duk lokacin da kanel ya canja, sabon kanel yana shigowa ya ƙi haɗuwa, shikenan.

Tukunna dai kar ka fidda kuɗi. Ka sake kunna kwamfutar, ka danne Shift ko Esc har GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa kafin Linux ya tashi, ya fito, ka shiga Advanced options ka zaɓi tsohon kanel, in WiFi ya dawo to na'urarka ba ta mutu ba, direba ne. Buga dkms status a tamina, tagar rubuta umarni, ka gani, sau da yawa linux-headers na sabon kanel, fayilolin da ake haɗa direba da su, ne ba a sauke ba, ko Secure Boot, tsarin tsaron kunna kwamfuta, ne ya hana direban tashi. Intanet ɗin gyaran kuwa, jona wayarka da kebul ka kunna USB tethering, ba ya neman komai.

To in ka gaji da wannan wahala duk bayan wata biyu, ga yadda kasuwar take.

Akwai 'yan ƙanana masu araha, masu cip ɗin MT7601U ko RT5370 ko AR9271. Direbobinsu sun daɗe a cikin kanel, MT7601U tun kanel 4.2, ka soka kawai ya kama. Amma 2.4GHz kaɗai suke gani kuma 150Mbps ne iyakarsu a takarda. In MiFi kake amfani da shi ko hotspot ɗin waya wallahi sun ishe ka, netwok ɗin ma ba kai wa can yake ba.

Wanda ni zan ce a saya in aljihu ya yarda shi ne mai ɗaya daga cikin cip biyun nan na kamfanin MediaTek. MT7612U yana cikin kanel tun 4.19, yana ganin 5GHz, shi ne a cikin Alfa AWUS036ACM. Sai ƙanensa MT7921AU mai WiFi 6, amma shi sai kanel 5.18 zuwa sama, wato in kana kan Ubuntu 22.04 da ainihin kanel ɗinsa 5.15 ba zai tashi ba sai ka koma na HWE, wato sabon kanel da Ubuntu ke bai wa tsohon sigarsa, Ubuntu 24.04 kuwa da 6.8 ya zo, Debian 12 da 6.1, duk ba matsala. Sun fi tsada kuma ba kowane shago ne ke da su ba, wani lokaci sai an yi oda an jira, amma an saya an huta.

Realtek su suka cika kasuwa, kuma a nan ne sai an buɗe ido. Irin su RTL8821CU da RTL8822BU sai a 6.2 direbansu na USB ya shiga kanel, RTL8812AU kuma sai 6.13. Kenan mai sabon kanel zai iya samun sa'a, mai tsoho kuma GitHub, shafin da ake sauko direban hannu, zai koma yana roƙon Allah duk ranar afdet. Ba wai ba su da kyau ba ne, lissafin lambar kanel ɗinka za ka yi tukuna, uname -r zai gaya maka.

Abin da ke cin mutane shi ne suna ɗaya, ciki daban. TP-Link TL-WN722N kowa na yabonsa, alhali v1 ne mai AR9271, v2 da v3 cip ɗin Realtek ne a ciki, kwali kusan iri ɗaya. Ka juya bayan dongul ɗin ka karanta ƙaramin rubutun Ver. Mafi kyau ma ka ɗauki laftof ɗinka ka je shagon da ita, ka ce yallabai bari in gwada, ka soka ka buga lsusb ka ga ko wane cip ne, in sunayen netwok suka bayyana ba tare da ka sauke komai ba sai a yi ciniki. Rubutun Linux a jikin kwali ba hujja ba ne, wani faifan CD ne a ciki da direban shekara goma baya.

Masu laftof 'yar kwatano mai katin WiFi na Broadcom a ciki, su ma direbansa mai suna wl na yawan karyewa bayan afdet, ni da zan kwance bayan in canja katin gaba ɗaya da Intel AX200 ko AX210 in ramin da katin ke shiga irin na M.2 ne. Kar dai ka ɗauko AX201 ko AX211, waɗannan sai da wasu furosesa na Intel suke tafiya, kuma wasu tsoffin Lenovo da HP BIOS ɗinsu, manhajar da ke fara tada kwamfuta, na ƙin baƙon kati, ka bincika lambar laftof ɗinka kafin ka ɗauki sukundireba.

Wanda kwamfutarsa ke zaune kusa da rauta kuwa, adaftar USB zuwa kebul mai RTL8153 ko AX88179 ta wadatar, ni tawa tana aljihun jaka kullum saboda irin waccan safiyar.