Ƙaramin gidan wasa a Metaksurgiyo: kujera ba daɗi, wasa kuwa ya biya kuɗinsa

Mai zuwa Atina, babban birnin Girka, don wasan kwaikwayo yawanci Epidawuros yake tambaya, wato tsohon dandalin nan na dutse da aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, mai ɗaukar mutum wajen 14,000, ko kuma Gidan Wasan Ƙasa da ke titin Agiyu Konstantinu. Ni shawarata ita ce a fara da ƙananan gidajen wasa na unguwar Metaksurgiyo, waɗanda yawancinsu tsofaffin ma'ajiyar kaya ne da gidajen zama aka gyara. Wanda nake magana a kai bai kai kujera ɗari ba, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta unguwar. Na yanki tikiti a Yuro 15, aka fara da ƙarfe tara na dare kamar yadda suka saba.

Wasan na mutum biyu ne. Bazawara ce da ta haura sittin, 'ya'yanta sun tafi Jamus neman aiki tun lokacin matsin tattalin arzikin da ya kama Girka daga 2010, ta ba wani saurayi da bai kai talatin ba hayar ɗakin ɗanta. A hankali zuciyarta ta karkata gare shi, ita kanta tana jin kunyar abin. Girkawa sun daɗe suna juya wannan batu. A shekara ta 428 kafin haihuwar Annabi Isa marubucin wasan kwaikwayo Yuripidis ya kawo labarin Fedra, matar sarki da son ɗan mijinta Hipolitos ya kama, har ta rataye kanta ta bar rubutu tana yi masa ƙazafi. Amma a can allahiyarsu ta soyayya, Afrodit, aka ɗora wa alhakin jefa mata son. A wannan sabon wasan babu wanda za a ɗora wa. Gida ne ya yi mata faɗi, wayar ba ta ƙara sai ranar Lahadi, kuma an yi shekaru babu wanda ya tambaye ta yadda ta kwana.

Abin da ya ɗaga darajar gidan shi ne kusanci. Tsakanin layin gaba da dandamali bai fi taku biyu ba. Akwai wurin da matar ke goge masa riga: ta gama da wuya da hannuwa, sai ta kife dutsen gugar, ta ɗora tafinta a kan ƙyallen tun da ɗuminsa, ta daɗe a haka. Ina ganin yatsunta suna rawa. Da ta ji ƙarar makullinsa a ƙofa, ta yi maza ta ninke rigar, ta soma yi masa faɗa a kan kuɗin wutar lantarki. A babban zaure da wannan ya ɓace, na baya ba za su ga komai ba. Dattijuwar da ta fito a matsayin matar ta san aikinta ƙwarai; ba ta nemi a tausaya mata ba, ba ta kuma mai da kanta abin dariya ba, wanda shi ne abin da na fi tsoro kafin in shiga.

Saurayin bai kai ta ba, kuma a ganina laifin marubucin ne. An bar shi kusan ba labari, ba mu san abin da ya raba shi da nasa gidan ba, alhali shi ma kaɗaicin ne ya kawo shi. Da an ba shi ko da fage ɗaya nasa, da tambayar ko ya gane halin da take ciki yana cin moriyarsa ta fi nauyi. Ga masu tambaya kuma, babu tsiraici a wasan. Hannunta ma sau ɗaya ya taɓa kafaɗarsa.

Akwai abubuwan da ya kamata masu gidan su gyara. Kujerun katako ne ba katifa, wasan kuma awa ɗaya da rabi ne ba hutu. Iska ba ta shiga sosai. Fassarar Turanci da ake haskawa saman dandamali takan makara, har wani lokaci 'yan kallo Girkawa su gama jan numfashi kafin mu da ke karantawa mu san abin da aka faɗa. Ba kowane dare ake sa ta ba, don haka a tambaya kafin a biya. Ma'aikatan kuwa masu kirki ne: yarinyar da ke yanka tikiti, da ta ga Girkancina bai nuna ba, ta nuna mini wurin da rubutun ya fi fitowa ba tare da na roƙa ba.

Kujerun ba su da lamba, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓa. A isa da rabin awa kafin lokaci a kama layi na biyu ko na uku ta tsakiya, nan ne ake ganin fuskokin 'yan wasa da fassarar a lokaci guda.